Jan Zare a Wuyan Kwalba

Shafi na 23

Masu tambayar jikin Mama Mai Ɗinki, na ga saƙonninku, na kuma gode da haƙurinku. Ku gyara zama, mu koma gidanta.

*

Sista ta ajiye motar ofis a bayan layi, ta ɗauki jakarta ta ƙarasa da ƙafa. Haka take yi duk zuwa. Babban ɗan gidan ne ya roƙe ta tun ranar farko, wai kada motar ta tsaya a ƙofarsu saboda rubutun da ke jikinta. Ko katin aikin da ke wuyanta sai ta juya fuskarsa ciki kafin ta yi sallama.

Aikinta bin gidaje ne, tana duba masu ciwon daji waɗanda asibiti ya gama iyakar abin da zai iya yi musu. Ba waraka take kai musu ba. Sauƙin ciwo take kaiwa, da ɗan barci, da kunnen da zai saurari masu jinya.

Likita ya ce makonni suka rage wa Mama. Manyan 'ya'yanta biyu sun sani. Ita an ce mata gyambon ciki ne. Autarta, wadda ke wani gari tana jarrabawar gama makaranta, ita ma gyambon ciki aka ce mata.

Sista ta yarda ba za ta fara faɗa ba. Amma ta gaya musu tun a lokacin cewa ranar da Mama ta tambaye ta da bakinta, ba za ta yi mata ƙarya ba.

Maɓalli ce ta buɗe ƙofa. Ita ce ta tsakiya, kuma ita ke jinya. Mama ce ta laƙaba mata sunan tun tana jaririya, wai haka ta zo duniya, 'yar mitsitsiya, kana iya ɓatar da ita a cikin zani. Yau idanunta sun kumbura, ɗankwalinta ya karkace.

"Sista, gara da kika zo."

"Ya jikin nata?"

"Babu sauƙi. Na yi duk yadda kika ce a waya. Na tsayar da maganin sakin cikin. Na zafin kuma ina ƙara mata duk lokacin da ciwon ya motsa. Amma kamar ruwa nake ba ta. Ga gudawar ta ƙi tsayawa, na wanke zanen gado har hannuna ya tsage."

"Barci fa?"

"Daren farko kawai, ranar da Yaya ya karɓo sababbin magungunan. Ta yi barci har rana ta take, sai da na girgiza ta. Har na ce masa maganin nan ya karɓe ta. Daga ranar shi ke nan."

Sista ta ɗan tsaya da tafiya. Ta ajiye maganar a ranta.

"Jiya Auta ta kira," Maɓalli ta ci gaba, ta rage murya. "Muna cikin magana Umma ta yi wani nishi. Ta ce mene ne wannan, na ce rediyon maƙwabta ne. Yau tun safe nake kiranta, wayar a kashe."

"Wataƙila tana ɗakin jarrabawa."

"Wataƙila."

Ɗakin Mama yana nan yadda yake. Keken ɗinki a lungu an lulluɓe shi da tsohon zani, tef ɗin awo rataye a ƙusa, bokiti a ƙarƙashin gado, tiren magani a kan ɗan tebur. Mama ce ta canza. Ta dunƙule a gefe guda, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, bakin matashin kai ya jiƙe inda take cizo.

Duk da haka da ta ga Sista sai ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Mai awo ta iso. Yau ki rage min inci biyu a ƙugu."

"Sannu, Mama. Ni da ban iya zura zare a allura ba, ina ni ina rage ƙugu?"

"Kina da allura a jaka kina cewa ba ki iya ba."

Sista ta wanke hannu, ta ja kujera ta zauna daidai fuskarta. Ta kama tsintsiyar hannunta, ta ji bugun yana sauri. Ta duba harshe, a bushe. Ta ɗan tsunkuli fatar bayan hannu, fatar ta tsaya ba ta koma ba.

"Mama, nuna min zafin da yatsu, yadda muka saba. Ɗaya kaɗan, biyar ba a magana."

Mama ta saci kallon Maɓalli. Ta ɗaga yatsu biyu. Ɗaya hannun kuwa yana murɗe da zanen gado.

"Ƙanwata," in ji Sista, "taimaka min da ruwan ɗumi a kwano, da tawul."

Maɓalli na fita, Mama ta buɗe tafin hannunta duka. Yatsu biyar.

Sista ta riƙe hannun cikin nata na ɗan lokaci. Sannan ta juya ga tire.

Da can ƙwayoyi Mama take sha. Da haɗiya ta fara yi mata wuya, likita ya mayar da ita kan na ruwa, ya haɗa mata da maganin sakin ciki, don mai kashe zafin yana ɗaure hanji. Ranar da Sista ta zo na ƙarshe ba a karɓo su ba tukuna. Yau ta fara ganinsu.

Kwalabe biyu ne masu launin ruwan ƙasa, tsayinsu ɗaya, murfinsu ɗaya. Babu takarda a jikin ko ɗaya, sai sauran gam. An ɗaura wa ɗaya jan zare a wuya. Mai zaren ta kusa ƙarewa. Ɗayar kuwa kamar ba a taɓa ba.

Maɓalli ta dawo da kwano.

"Wanne ne na zafin?"

"Mai jan zare. Yaya ne ya yi alamar."

Sista ta buɗe ta, ta ɗiga a cokali. Maganin ya sauko a hankali, mai kauri kamar zuma. Ta murza shi tsakanin yatsu, yana danƙo. Ta buɗe ɗayar, ta karkata ta. Wannan ya zubo sakat kamar ruwa.

Nan take ta gane.

Mai zaren shi ne na sakin ciki. Shi ake ɗura wa Mama safe da rana da dare, kuma duk sanda ta yi nishi a ƙara mata. Na zafin kuwa an ba ta babban cokali sau ɗaya a daren farko, a matsayin na sakin ciki, daga nan aka rufe shi. Kuma Sista ce da bakinta, a waya, ta ce a rufe. Ba ta ce a karanta mata abin da ke jikin kwalbar ba.

"Sista, lafiya?"

"Je ki kira Yayanku. Ki ce ya bar abin da yake yi ya zo."

"Wani abu na yi?"

"Ba ki yi komai ba sai abin da aka ce ki yi. Je ki kira shi."

Ba ta ɓata lokaci ba. Ta kira likita daga bakin taga, ta yi masa bayani a gajarce, suka tsayar da adadin da za a sake farawa da shi, kaɗan, tunda jikin ya kwana biyu bai samu ba. Ta ja maganin a sirinji marar allura, ta tallafo kan Mama, ta ɗiga mata a gefen kunci.

Mama ta yamutsa fuska don ɗaci. Sannan ta lumshe ido.

"Yawwa," ta ce can ƙasan maƙoshi. "Wannan ne."

Sista ta tsaya da sirinji a hannu.

"Me kika ce, Mama?"

"Cewa na yi Allah ya yi miki albarka."

Sista ba ta ja maganar ba. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari ta riƙa ba ta cokali-cokali. Ta goge mata jiki, ta shafa mai inda fata ta yi ja, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta. A hankali hannun da ke murɗe da zanen gado ya fara saki.

*

A falo ta jira shi, kwalaben biyu a gabanta.

Ya shigo a gurguje da akwatin aikinsa a hannu, ko ƙofar waje bai tsaya rufewa ba. Mai gyaran wutar lantarki ne, dogo, marar yawan magana. Ƙannensa suna ce masa Yaya. Mama kuwa Almakashi take ce masa, don in ya yanke magana ta yanku.

"Sista, me ya faru? Yarinyar nan ta kira ni tana kuka."

"Zauna, Yaya. Mama ta samu sauƙi, tana hutawa. Wa ya ɗaura zaren nan?"

"Ni ne."

"Takardun jikin kwalaben fa?"

Ya kalli ƙofar ɗakin Mama, ya rage murya.

"Na jiƙa su a ruwan ɗumi na ɓare. Sunan sashenku yana jiki, ga sunan maganin. Umma tana karatu, kin sani. Kuma shi Baba ya sha."

"Tare ka jiƙa su?"

"A roba ɗaya."

"Da takardun suka fita, ya aka yi ka gane wanne ne wanne?"

Ya kalli kwalaben.

"Na ɗaga su a haske. Na ga wannan ya fi kauri. Na ce mai ƙarfin ke nan." Ya shafa ƙeya. "Mu a wajenmu waya mai kauri ita ke ɗaukar wuta mai yawa."

Sista ta tura masa kwalbar marar zare.

"Wannan ne mai ƙarfin. Mai kama da ruwan."

Maɓalli, da ke tsaye jikin bango, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Ke nan duk kwanakin nan..."

"Duk kwanakin nan ba ta sha maganin zafi ba."

"Da hannuna," in ji Maɓalli. "Tana cije matashi, ni kuma ina ɗura mata abin da ke murɗa mata ciki. Har ina ce mata ta daure, Umma, yanzu zai yi aiki."

Yaya ya kalli hannuwansa kamar na wani.

"Ban kira ka don in ɗora maka laifi ba," in ji Sista. "Ni ma da nawa kason, ya kamata in ce a karanta min takardar a waya. Abin da ya wuce Allah ya tsare. Amma ka sani, babban cokalin da aka ba ta a daren farko ya yi mata yawa ƙwarai. Barcin da kuka yi wa murna ba na lafiya ba ne. Da an maimaita washegari, ban san abin da zan tarar ba."

"Innalillahi," ya ce a hankali.

"Don haka takardun za su koma jikin kwalaben. Yau."

Ya ɗago kai.

"A'a. Wannan kam a'a. Zan sake alamar. Zan rubuta ɗaya da biyu da fenti, yadda ba zai goge ba."

"In ba ka nan fa? In Maɓalli ta kwanta rashin lafiya maƙwabciya ta shigo taimako? In an kai ta asibiti da gaggawa aka ce me take sha, za a ce ɗaya da biyu?"

"Sista, ba ki gane ba."

"To fahimtar da ni. Ina saurare."

Ya miƙe, ya je bakin taga, ya dawo.

"Ina wurin ranar da likita ya gaya wa Baba. A tsaye ya shiga ofishin nan da ƙafarsa, yana yi wa masu shara barkwanci. Muna dawowa gida ya kwanta ya juya fuska bango. Bai sake juyowa ba har ya rasu. Ba ciwon ne ya fara kashe shi ba, maganar ce. Na rantse ba za a yi wa Umma haka ba ina raye."

"Na ji ka. Kuma na san ƙauna ce ta sa."

"To ki bar ni."

"Ba zan iya barin maganin nan a gida babu suna ba. Ko takarda ta koma, ko in tafi da kwalbar. In na tafi da ita kuma, ka ga yadda Mama ta kwana."

"Wato kin ɗaure ni ke nan."

"Ba ni na ɗaure ka ba, Yaya."

"Kin yi alkawari."

"Na yi alkawarin ba zan fara faɗa ba. Ban yi alkawarin zan zuba ido ɓoyon ya cutar da ita ba."

Maɓalli ta share hanci da bakin ɗankwali.

"Yaya, ni na gaji. Wallahi na gaji da gyambon cikin nan. Kullum sai na tsaya a bakin ƙofa na gyara fuska kafin in shiga."

"Ke, yi min shiru."

"Kai kana fita aiki. Ni ce nake kallon idonta."

Sai suka ji ƙarar cokali a jikin kofi. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Da haka Mama ke kira tun da muryarta ta yi rauni.

"Almakashi," muryar ta fito siririya. "Shigo. Ku duka. Ku taho da kwalaben."

*

Ta ɗan miƙe ƙafafu yanzu, fuskarta ta saki. Ta sa aka tayar da ita aka jingina ta da matasai. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take kallon yadi kafin ta yanka.

"Ginin gidan nan da kuke gani," ta ce, "bangonsa ba kauri. Ubanku ya yi ta faɗa."

Ta juyo ga Sista.

"Sista, matso. Tambaya zan yi miki."

Yaya ya yi taku ɗaya. "Umma, ki huta tukuna."

"Na huta da yawa. Sista, ciwon Babansu ne, ko?"

Sista ta zauna a bakin gado. Ta ji idon Yaya a kanta, amma Mama take kallo.

"Ke me kike ji a jikinki, Mama?"

"Kada ki mayar min da tambaya kamar likita. Eh ko a'a."

"Eh, Mama. Ciwon daji ne."

"Ya yi nisa?"

"Ya yi nisa."

"Watanni ko makonni?"

"A ganin likita, makonni. Allah ne masani."

Mama ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata abin da ta riga ta auna da ido.

"Alhamdulillahi. Na gode. Yau dai an yi min magana irin ta manya."

Yaya ya durƙusa a gaban gadon, ya kifa goshi a kan katifa. Kafaɗunsa suna motsi, babu sauti. Mama ta ɗora hannu a kansa.

"Kai kuma, tun yaushe ka ɗauka ban sani ba? Ni da nake rage rigunana da kaina duk mako, har na rasa inda zan kama? Ranar da kuka dawo daga asibiti na ce maka shayin nan ba sukari, ka ce haka ne Umma. Kai, Almakashi, ka yarda da magana ba musu. Nan na ce shi ke nan, ta faru."

Maɓalli ta yi wata 'yar dariya da ta haɗe da kuka.

"Ita kuma wannan," Mama ta nuna Sista da haɓa, "kullum kati a juye, kamar 'yar makarantar da ta ci sifili."

Sista ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta kama katin ta juyo da fuskarsa waje.

"Umma," in ji Maɓalli, "maganin fa? Kin san ba shi ba ne nake ba ki?"

"Tun cokalin farko. Ni na yi jinyar ubanku, kina makarantar kwana lokacin. Ni ke ɗanɗana masa da harshe kafin in ba shi, Auta tana riƙe da kofin ruwa. Ɗaci gare shi kamar me. Ke kuma kika zo min da abu mai zaƙi."

"To me ya sa ba ki faɗa ba? Umma, me ya sa? Kina ta cizon matashi."

Mama ta ci gaba da shafa kan ɗanta.

"In na ce ba shi ba ne, za ku ce ina na san ɗanɗanonsa, mai gyambon ciki. Na ga kun sha wahala wajen ɗinka abin nan, ku biyu, kullum kuna ƙara masa faci. Sai na ji ba zan iya farke muku ba."



Sista ta daɗe a aikin nan. Ta shiga gidaje da yawa inda kowa ya sani, kowa kuma yana ɓoye wa kowa, mai ciwo a ɗaki shi kaɗai, masu jinya a falo su kaɗai. Amma ba ta taɓa ganin wadda ta biya da jikinta haka ba.

Yaya ya ɗago, fuskarsa sharkaf.

"Tsoro na ji, Umma. Kada ki juya mana baya kamar Baba."

"Kamar Baba yaya?"

"Ranar da aka gaya masa ya juya bango."

"Kai, yaron nan." Ta girgiza kai. "Abin da ka riƙe ke nan duk shekarun nan? Ni na juya shi. Ciwon a gefen dama yake, ta hagu kawai yake iya kwanciya, gadon kuma a jikin bango yake. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Yana kallon bangon nan muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba tun aurenmu. Ya gaya min abin da yake so a yi wa kowannenku. Ya nemi gafarata, na nemi tasa. Da ba a gaya masa ba, da yana nan yana jiran ya warke, har ya tafi bai ce komai ba."

Yaya ya dube ta, ya dubi Sista.

"Haka ne," in ji Sista. "Da yawa gefe ɗaya suke iya kwanciya."

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya daɗe a haka. Sannan ya jawo akwatin aikinsa da ya shigo da shi, ya buɗe. Takardun biyu suna manne a cikin murfin, sun bushe sun nannaɗe. Ya ajiye su ne don ranar da zai koma karɓo wani.

Sista ta nuna masa wacce ce ta wacce. Ya shimfiɗa kowacce a jikin kwalbarta, ya bi gefunan da baƙin tef ɗinsa na waya, a tsanake, yadda rubutun zai fito sarai.

"Almakashi, miƙo min takwaranka," in ji Mama.

Ya ɗauko almakashin daga kan keken ɗinki. Ta karɓa, sau ɗaya ta datse jan zaren.

"Zarena mai kyau ma ka ɗauka. Na bakin riga."

"Yi haƙuri, Umma."

"Na yi. Tashi daga ƙasa, ka cika min ɗaki."

Sista ta nuna wa Maɓalli layin da za ta riƙa tsayawa a jikin sirinji, ta sa ta ja da kanta har sau biyu, ta kuma sa ta karanta sunan maganin da ƙarfi. Na sakin cikin aka ɗauke shi daga tire sai gudawa ta tsaya. Sannan ta koma kusa da Mama.

"Mama, yanzu da magana ta fito, akwai wanda kike so a kira miki?"

Mama ta kalli almakashin da ke cinyarta.

"Auta kada a gaya mata. Sai ta gama jarrabawa."

Maɓalli ta saki baki. "Umma, ke ma?"

"Wannan daban ne. Yarinya ce. Hankalinta zai tashi, wahalar shekaru ta zube."

"Haka shi ma ya ce a kanki," in ji Sista a hankali.

Mama ta harare ta. Sannan hararar ta narke.

"Yaushe take gamawa?"

"Ƙarshen wata," in ji Yaya.

Mama ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci Sista.

"Zan kai?"

Sista ta so ƙwarai ta ce eh. Kalmar tana nan a bakinta, mai sauƙi, mai zaƙi.

"Ba zan iya yi miki alkawari ba, Mama."

Mama ta rufe ido. Leɓenta yana motsi, ba a jin abin da take faɗa.

Sai aka ji ƙarar tayar jaka a kan simintin tsakar gida.

"Salamu alaikum. Wai ina mutanen gidan nan, aka bar ƙofa a buɗe?"

Maɓalli ta dafe ƙirji. Yaya ya kai hannu zai ɗauke kwalbar daga tire, ya tsaya a rabin hanya.

Labule ya ɗaga. Auta ce, da jakar goyo a baya, idonta ja irin na wadda ta yini a mota.

"Rediyon maƙwabta ko, Anti? Ni za ki yi wa..."

Maganar ta tsaya a nan. Ta ga Mama. Ta ga wuyan da ya zama siriri, da zoben da aka naɗa wa zare don kada ya zame daga yatsa. Ta ga baƙuwa da kati a ƙirji, ta karanta abin da ke jiki.

Ta taka a hankali zuwa tebur. Ta ɗauki kwalbar mai baƙin tef, ta kai ta kusa da ido.

"Mofin," ta karanta. Ta buɗe murfin ta shinshina.

"Na san wannan. Ni nake riƙe kofin ruwa." Ta juyo. "Yaya, me maganin Baba yake yi a ɗakin Umma?"

Yaya ya kalli Mama. Maɓalli ta kalli Mama. Sista ma ita take kallo, ta ga leɓenta ya fara haɗa kalma, ba ta san wacce za ta fito ba, gyambo ko daji.

Mama ta ajiye almakashin a gefe. Ta buga katifa da tafin hannu, nan kusa da ita.

"Auta," ta ce. "Rufe ƙofa."